Kar a yi wa Dostoevsky kuɗin goro

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in tanka wa 'yan uwanmu masu karatun adabin Rasha da ke cewa wai Dostoevsky ɗan koren gwamnatin sarki ne, don kawai ya caccaki 'yan juyin juya hali a littafinsa Shaiɗanu na 1872. Haba jama'a! Mutumin nan fa shi kansa an kama shi a 1849 saboda zaman da suke yi a gidan wani ɗan boko mai suna Petrashevsky suna karanta rubuce-rubucen da aka haramta, aka kwashe su zuwa dandalin Semyonov aka karanta musu hukuncin kisa, har an ɗaure ukun farko a turke sojoji sun saita bindiga sannan saƙon sarki ya iso wai an yi sassauci, daga nan sai Omsk can Saiberiya, shekara 4 da mari a ƙafa.

Abin da ya tunzura shi ya rubuta littafin daban ne. A Nuwamba 1869 wani ɗan juyin juya hali, Sergei Nechayev, da yaransa suka kashe Ivan Ivanov a Mosko suka jefa gawar cikin kududdufi, kuma ɗalibi ne ɗan ƙungiyarsu, laifinsa kawai ya ja da shugaba. A littafin sai aka nuna jagora yana sa mabiyansa su zubar da jinin nasu don kowa ya shiga ciki dumu-dumu, ba mai iya tona wani.

Su kuma masu haɗa irin wannan ta'asa da Bazarov, tauraron wani littafin marubuci Turgenev, su ma sun kauce. Shi Bazarov na littafin Iyaye da 'Ya'ya, 1862, bai yarda da sarauta ko addini ko waƙa ba, aikinsa feɗe kwaɗi da musu, amma bai kashe kowa ba, yankan yatsa ne ma ya yi ajalinsa wajen feɗe gawar mai zazzaɓin taifus. Wanda ya hura wutar juyin juya halin sosai marubuci Chernyshevsky ne, daga cikin kurkuku ya rubuta Me Ya Kamata A Yi? aka buga a 1863, da ɗan gwagwarmayar cikin labarin, Rakhmetov, mai kwana kan ƙusoshi, labarin ba daɗin karatu gaskiya amma matasa suka rungume shi, har Lenin ya ari sunan littafin ya sa wa nasa a 1902.

Ni ma ban yarda da yadda Dostoevsky ya koma yabon sarauta daga baya ba, wannan a soke shi a kai. Amma batun Nechayev ai shari'a aka yi a fili a 1871, jaridu suka buga.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya