Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni ko ya biya kuɗin jonal ɗin nan

Assalamu alaikum ƙanena,

A taron ɗaliban digiri na biyu ka miƙe a gaban kowa ka ce wata jonal ta turo maka imel, ta ce za ta buga maƙalarka cikin sati biyu in ka biya dala, kuma sashenku ba zai bari ka kare kundinka ba sai da bugaggen aiki, shin ka biya? Lokaci ya ƙure ranar, kuma na ga da yawa sun gyaɗa kai alamar su ma abin ya dame su, shi ya sa na ce bari in amsa a fili.

Don Allah kar ka biya.

Na san matsin da kake ciki wallahi, shekara na tafiya, ga kuɗin rajista, a gida ana ta tambayar yaushe za ka gama. Amma sake duba imel ɗin da kyau. Sun kira ka farfesa alhali kai ɗalibi ne, jonal ɗaya ce wai tana buga aikin noma da likitanci da shari'a da adabi duk a fitowa guda, sannan sun yi maka alkawarin karɓa tun kafin su ga ko shafi ɗaya. Wanda ya yi haka ba karanta aikinka zai yi ba. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiro maƙalar bogi kan wai wani sinadari na maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya tura wa jonal 304, guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abin da ya fi min ciwo shi ne in aikinka ya fito a irin wannan wuri shi ke nan ya ƙone, jonal ta kirki ba za ta sake karɓa ba don an riga an buga, kuma gobe in ka zama malami kwamitin ƙarin girma na iya ƙin ƙirga shi.

Ba wai duk jonal mai karɓar kuɗi ce ta damfara ba, akwai na ƙwarai da ke caji, sai dai su sai an tantance aiki an amince sannan a yi maganar kuɗi. Kuma mafi yawan waɗanda ke cikin DOAJ, wato shafin intanet mai jera jonal ɗin da aka tantance kuma ake karantawa kyauta, ba sa karɓar ko sisi daga marubuci. Ka shiga can ka nemi sunan jonal ɗin da kanka, ka duba shafin AJOL inda jonal ɗin jami'o'inmu na Afirka suke da yawa. In masu jonal sun ce suna cikin Scopus, wato babbar ma'ajiyar da ke jera jonal ɗin da ta tantance, kar ka yarda da tambarin da suka manna, je jerin Scopus ɗin ka gani da idonka, don akan cire wasu su ci gaba da tallar. Lambar ISSN kuma, wato lambar shaidar da ake ba jonal, rajista ce kawai, ba ta nuna inganci.

Hanya mafi sauƙi ma tana hannunka, buɗe manazartar kundinka ka ga jonal ɗin da ka fi ambata, nan ne masu karatun fanninka suke. Ɗauki babi ɗaya mai tambaya ɗaya, kar ka matse kundin gaba ɗaya cikin shafi goma sha biyar. Bi ƙa'idar jonal ɗin da ka zaɓa har salon manazarta, don edita kan dawo da aiki tun bai kai wa masu tantancewa ba saboda wannan. Kuma kar ka tura wa jonal biyu a lokaci guda.

Za ka jira watanni, gaskiya ce. Sannan gyara zai zo, wani ya rubuta maka me ya sa ka zaɓi ƙauye ɗaya tak, wani ya ce tebur na uku bai yi daidai da abin da ka faɗa ba. Ranka zai ɓaci, ka ajiye kwana biyu, sai ka dawo ka amsa ɗaya bayan ɗaya, ka nuna shafi da layin da ka gyara, inda ba ka yarda ba ka faɗi hujjarka cikin ladabi.

Batun lokaci kuma, je ka tambayi sufabaizanka ko sashen na karɓar takardar amincewa daga edita kafin bugu ya fito, wurare da dama suna karɓa. Ka zaɓo jonal uku ka kawo min ofis tare da babin, mu zauna mu duba tare.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanka kuma malaminka