A ba ƙananan fina-finan iyali fili a shafinku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina bibiyar shafinku na fina-finai, kuma ƙorafina ɗaya ne: kullum labarin manyan fina-finan Hollywood ne, na jarumai masu tashi sama da benaye masu rushewa. Waɗanda masu zaman kansu ke shiryawa da ɗan kuɗi kaɗan, masu haɗa dariya da baƙin ciki a kan iyalin da zamansu ya rikice, da wuya ku ambace su. A ganina kuwa su ne suka fi faɗin gaskiya game da zaman gida.

Ku duba Little Miss Sunshine na 2006, wanda mata da miji, Valerie Faris da Jonathan Dayton, suka ba da umarni. Kimanin dala miliyan 8 aka kashe masa, ya samo wajen miliyan 100, ya kuma ci kyautar Oscar biyu. Iyali ne na mutum shida a birnin Albuquerque na Amurka. Uban yana koya wa mutane sirrin nasara alhali shi kansa abin ya ƙi masa. Kawun bai daɗe da yunƙurin kashe kansa ba. Kakan an kore shi daga gidan tsofaffi saboda shan miyagun ƙwayoyi. Saurayin gidan kuma ya ɗauki alwashin ba zai ƙara magana ba sai ya zama matuƙin jirgin sama. Haka suka cusa kansu cikin tsohuwar bas ƙirar Volkswagen domin kai autarsu gasar kyau ta yara a Kalifoniya. A hanya kulocin motar ya lalace, dole sai an sauka an tura, sannan a bi ta da gudu ana ɗafewa ɗaya bayan ɗaya.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda saurayin ya gano idonsa ba ya bambance launuka, wato burinsa ya rushe ke nan. Ya fice daga motar ya gangara ƙasan titi yana ihu, ya gaya wa uwarsa maganganu masu zafi. Rarrashin uwar bai yi aiki ba. Sai ƙanwarsa ta gangara, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ba ta ce uffan ba. Ya tashi ya bi ta, ya ba su haƙuri. Duk wanda ya taɓa faɗa da ɗan'uwansa ya san wannan shirun.

The Farewell na Lulu Wang, na 2019, daga labarin kakarta ta ɗauko shi. An gano tsohuwar tana da kansar huhu, 'ya'yanta suka ɓoye mata, suka shirya bikin aure cikin gaggawa a birnin Changchun na ƙasar Sin domin kowa ya zo ya gan ta. Jikar da ta girma a New York tana ganin yaudara ce. Baffanta yana ganin wajibinsu ne su ɗauke wa uwarsu nauyin tsoro. Fim ɗin bai ce wane ne mai gaskiya ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Wanda ya zuba ɗaruruwan miliyoyi a fim ba ya son kasada, dole a samu gwarzo da mugu, a kuma warware komai a ƙarshe. Mai ɗan kuɗi kaɗan yana iya barin uba da gazawarsa, ya bar mu mu ƙaunace shi a hakan. Dukkan fina-finan nan biyu a jihar Utah ta Amurka aka fara nuna su, a bikin fina-finai na Sundance, inda masu rarraba fina-finai ke zuwa farautar irinsu.

Roƙona, Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ku yi sharhin ɗaya daga cikin irin waɗannan fina-finan. Ku riƙa kuma faɗa wa iyaye gaskiya, domin wasunsu akwai zagi da zancen manya da bai dace yara su ji ba, har da shi Little Miss Sunshine ɗin.

Na gode.

Naku,
Mai bibiyar shafinku