Wa zai yi wa ungulu kuka?

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya kuma zaman nesa da gida?

Na karanta abin da ka rubuto kan giwaye da masu farautar haure, kuma ban ƙi ta taka ba. Sai dai ni wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ungulu. Kar ka yi dariya. Giwa da zaki suna da masu yi musu kuka, hotonsu ne a gaban kowace takarda ta masu kare namun daji. Ungulu kuwa, da sanƙon kanta da cin mushe, wa zai tara mata ko sisi?

Dubi abin da ya faru a Indiya. Cikin shekarun 1990 ungulaye suka riƙa mutuwa ba a san dalili ba. Za a ga tsuntsuwa a kan reshe ta sunkuyar da kai, wuya ya langaɓe, bayan 'yan kwanaki ta faɗo. Sai a 2004 masu bincike a Pakistan suka gano bakin zaren: wani maganin rage zogi ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Kafin Indiya da Pakistan da Nepal su haramta ba dabbobi shi a 2006, wasu jinsunan sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari.

To, mushen da ungulaye kan share cikin sa'o'i ya koma yana ruɓewa a fili. Karnukan da ba su da masu su suka samu abinci, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, shi kuwa kare ya ci ya shigo cikin mutane.

A Afirka guba ce ke cin su, wani lokaci ma da gangan. Ka san an ce ungulu ba ta jewar banza. Ma'aikatan gandun daji ma sun san haka, in sun hango ta tana shawagi sai su nufi wurin. Shi ya sa ɓarayin haure ke barbaɗa guba a gawar giwa don kada a tona musu asiri. A Botswana a 2019, gawar giwa uku kacal ta kashe ungulu 537. Wani makiyayin kuma kura ko zaki yake hari, ungulu ta riga su sauka.

Abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar gyara shi ne yawancinsu ƙwai ɗaya suke yi a shekara, kuma ɗan sai ya ɗauki shekaru kafin ya isa haihuwa. In uwa ta mutu lokacin sheƙa, ɗan ma ya tafi. Akwai dai maganin da ya maye gurbin diclofenac, wato meloxicam, wanda ba ya cutar da ungulu; a ganina likitocin dabbobi ne ya kamata a fara jan hankalinsu a kai.

Ka rubuto mini ko har yanzu ana ganin ungulaye a inda kake. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka