Wasiƙar Godiya ga Masu Shagon Kwamfuta da Suka Adana Mini Fayafayan Gem

Zuwa ga Malam mai shago da yaransa, a kasuwar Beirut, Kano.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa aikin da kuka yi mini na kwashe fayafayan wasannin PlayStation da na tara tun zamanin da nake riƙe da gidan gem a Fagge, kuka zuba su cikin ma'adanar kwamfuta, kuka kuma matse su ba tare da an yi asarar komai ba. Yabon gwani ya zama dole, musamman a sana'ar da mai kaya ba ya iya gane ha'inci sai bayan shekaru.

Fayafayan iri biyu ne: na PlayStation ta farko, waɗanda CD ne da ba su wuce megabayit 700 ba, da na PlayStation 2 da ta fito a shekarar 2000, waɗanda galibinsu DVD ne masu ɗaukar gigabayit 4.7. Zafi da ƙurar hunturu da hannun yara sun riga sun fara cin su.

Malam, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ka dakatar da yaronka lokacin da zai kwafi wani CD a tsarin ISO, wato fayil guda mai ɗaukar bayanan faifan kawai, ka nuna masa cewa wasu wasannin PlayStation ta farko suna ajiye kiɗansu a layukan sauti na daban, don haka sai an ɗauke su a tsarin BIN da CUE, wanda ke kwashe faifan gaba ɗaya har da layukan sautin, in ba haka ba wasan zai tashi amma babu kiɗa. Daga nan kuka mayar da su tsarin CHD, wato matsattsen fayil, da manhajar chdman, wadda masu aikin MAME, manhajar kunna tsofaffin wasanni a kwamfuta, suka samar. Ka yi mini bayani cewa kowane yanki na CD bayit 2352 ne, amma a yankin bayanai na yau da kullum 2048 ne kawai ainihin kayan, sauran kuwa alamomi ne da lissafin gyaran kuskure, waɗanda manhajar kan cire mafi yawansu ta sake lissafo su a lokacin warwarewa, shi kuma sautin ta matse shi da FLAC, tsarin matse sauti ba tare da asara ba. Wannan ya sha bamban da abin da wasu ke yi, su yanke bidiyo da muryar mai sharhin ƙwallo don fayil ya ƙanƙance, sannan su ce sun matse, alhali gutsure wasan suka yi.

Ba ku tsaya ga faɗa da baki ba. A gabana kuka warware fayil ɗin da kuka matse, kuka fitar da lambar tantancewarsa ta SHA-1, mai haruffa da alƙaluma 40, wadda ke sauyawa idan wani abu ya canza a cikin fayil, kuka jera ta da wadda kuka ɗauka kafin matsewa, yaron yana bin su da bakin biro a kan allon kwamfuta yana karantawa, ni kuma ina dubawa har ƙarshe. Babu harafi ɗaya da ya saɓa. Bayan haka kuka kunna wani wasan ƙwallo a PCSX2, manhajar da ke kunna wasannin PlayStation 2 a kwamfuta, ya tashi garau da sharhinsa.

Waɗanda suka karce har injin ya kasa karanta wasu yankunansu kuwa, ba ku cusa mini su a matsayin lafiyayyu ba. Kun ware su, kun rubuta sunayensu a takarda, kuma ba ku karɓi ko sisi a kansu ba. Na kuma bi shawararku ta ajiye kwafi biyu a ma'adanai daban-daban, ɗaya a gida, ɗaya a wurin ƙanena a Gwale, tare da takardar lambobin tantancewar, domin a riƙa gwada su lokaci-lokaci.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka, ya sa yaran da kake koyarwa su gaji wannan riƙon amana.

Naku,
Tsohon mai gidan gem, Fagge, Kano.