Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga abokin sana'ar da ya tuhume ni kan Richard Avedon

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a me ya sa ba ni da zance sai na Richard Avedon, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, wanda ka kira mai ɗaukar hoton matan attajirai. Ka ƙara da cewa hoton baƙi-da-fari mafakar wanda bai iya kala ba ce. Wannan ta biyun ba ta buƙatar doguwar amsa. Duk wanda ya taɓa saita fitila a situdiyo ya san in babu kala, haske da inuwa ne kawai a hannunsa, kuskurensa kuma kowa zai gani.

Ta farkon ce ta sosa mini rai, domin ka tauye mutumin. Gaskiya ne ya yi wa mujallar kwalliya ta Harper's Bazaar aiki kimanin shekara 20, daga nan ya koma Vogue, kuma shi ya ɗauki Dovima, mai tallan tufafi, cikin rigar kamfanin Dior tsakanin giwaye a Faris a 1955. Amma ka taɓa tsayawa ka kalli hotonsa na William Casby? A 1963 ya ɗauke shi a jihar Luwiziyana, dattijo ne da aka haifa cikin bauta. Fuskar ta cika hoton tam, tamoji a goshi, furfura ta tsiro a haɓa, ba a goge komai ba. Wace attajira ce a nan?

Daga 1979 zuwa 1984 ya yi ta zagaya yammacin Amurka da ƙatuwar kyamara. Sai ya manna farar takarda a jikin bango, a inuwa, ya tsayar da mahaƙan kwal, mahauta, ma'aikatan rijiyar mai da 'yan gararamba. Ba ya ɓuya bayan kyamara, a gefenta yake tsayawa, ido cikin ido da mutum. Mahaifinsa ma haka ya riƙa ɗaukarsa yana fama da ciwon daji har ya rasu a 1973. Ko a harkar kwalliyar da kake rainawa, shi ya kafe sai da Harper's Bazaar ta buga hotunan China Machado, mai tallan tufafi, a 1959, lokacin da ake ƙyamar sa wadda ba Baturiya ba a shafukanta.

Batun da ka yi kuwa cewa don Bature ne nake yabonsa, ka tambayi yaran da suka koyi aiki a hannuna. Da hotunan Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka na Bamako a ƙasar Mali, nake fara musu darasi.

Malam, mu faɗa wa juna gaskiya, ba Avedon ne ya tsone maka ido ba. Tun ranar da na soki gugar fuska da kwamfuta ka canja mini. Kuma ina nan a kan bakana. Amarya za ta zo da kyanta, baƙa mai sheƙi, a mayar da ita fara fat, a kankare zanen gadon da ke kumatunta, a tsuke mata hanci, har uwarta ta riƙe hoton tana tambayar wace ce. Dattijo ya zo hoton tarihi, a share masa shekarunsa kaf. Masu koyo sun taso suna zaton wannan ce sana'ar, ba su san inda za su sa fitila don fatar baƙin mutum ta fito da kyau ba. Mu manya ne muka koya musu hakan, kuma kuɗi muke karɓa a kai.

Wassalam.