Rabon gado a gidan Superman: ƙorafina a kan abin da aka yi wa Jonathan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana a kan abin da na san tsarana za su ce bai dace dattijo ya ɓata tawadarsa a kai ba, wato wasan talabijin na Amurka mai suna Superman & Lois. Ni tsohon magatakardan kotun shari'a ne, abin da na rubuta har na yi ritaya bai wuce ƙararrakin aure da bashi da rabon gado ba. Autana ne ya loda mini shirin a waya, wai in kalla in daina cewa finafinan masu tashi sama na yara ne. Na kalle shi kaf, zango 4, kashi 53, wanda tashar CW ta fara nunawa a Fabrairun 2021 ta rufe a Disambar 2024. Abin da na tarar shari'ar gado ce aka yafa mata jar alkyabba, kuma ban gamsu da yadda aka yanke ta ba.

Ga wanda bai san tushen labarin ba, tun 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a mujallar zane. Jariri ne iyayensa suka sa a kumbo suka harbo shi daga duniyarsu Krypton tana dab da tarwatsewa, ya faɗo hannun wasu manoma, Jonathan da Martha Kent, a garin Smallville na jihar Kansas. Suka raɗa masa suna Clark. A bakin mutanen kotu, ɗan tsintuwa ne aka riƙe. Wannan shirin ya ɗauko shi ne bayan ya manyanta, ya auri 'yar jarida Lois Lane, sun haifi tagwaye maza, Jonathan da Jordan, masu shekara 14.

Kashi na farko ne ya sa na gyara zama. An sallami Clark daga aiki a jaridar Daily Planet, kafin ya gama jin wannan sai ga rasuwar Martha. Bayan an binne ta, Lana Lang, wadda ke aiki a bankin garin, ta sanar da shi cewa gonar tana jingine. Tsohuwar ta karɓi kuɗi a kanta ta taimaki maƙwabta da noma ya karya. Mutumin da a farkon kashin ya hana tashar nukiliya fashewa, ga shi ya yi tsuru a gaban maganar banki, ƙarfinsa bai rage masa ko dala ɗaya ba. Malam Edita, wannan fuskar na san ta. Magada sukan shigo kotu kowa da ɗakin da ya riga ya zaɓa a zuciyarsa, sai alƙali ya fara da tambayar da ba su zo da shirinta ba: ana bin mamaci bashi? Don kafin a raba ko allura sai an fitar da hidimar jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Marubutan da suka fara labarin gado da bashi sun san abin da suke yi.

A dokar Amurka yaron da aka riƙa ta hanyar kotu yana gado kamar ɗan cikin mutum, shi ya sa babu wanda ya tambayi Clark dalilinsa na zama magajin gona. A wurinmu ɗan riƙo ba ya gado, sai abin da aka ba shi kyauta mai dukiya yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Har yau ina tuna wani magidanci da aka riƙe shi tun yana goye, shi ya noma gonar mai riƙon nasa har tsohon ya kwanta dama, amma ba a bar rubutu ba, ba a bar shaidu ba. Dangin da ba su san inda iyakar gonar take ba su suka raba, shi kuma aka kira shi ya nuna musu iyaka. Ya nuna. Da aka tashi ya tambaye ni ko zai iya ɗaukar garmar tsohon. Hukunci daidai yake, sakacin na wanda bai yi wasiyya ba ne, amma tun daga ranar idan aka ce labarin gado, wanda ya fita hannu rabbana nake fara nema da ido.

A wannan shirin Jonathan ɗan Clark ne ya fita hannu rabbana. Irin waɗannan wasanni ba sa rabuwa da al'adar ɓoye sirri, uba ya yi ta ƙarya ga iyalinsa wai don kare su, a ja abin zango bayan zango har mai kallo ya gaji. Nan an taƙaita mana wahala, a kashi na farko yaran suka tono kumbon a ƙarƙashin ɗakin ajiyar kayan gona, uban ya ɗaga motar a-kori-kura sama a gabansu, magana ta ƙare. Dalilin da ya hana Clark faɗa musu tun farko shi ne abin dubawa: tsoron kada ɗaya ya gaji baiwar ɗaya ya rasa. Kowa ya zaci Jonathan ne zai gada, ɗan ƙwallo, mai farin jini, wanda tun yana ƙarami jifarsa ta tsinke igiyar lilo. Sai abin ya faɗa kan Jordan, yaro mai fama da fargabar shiga mutane, wanda ba su cika jituwa da uban ba. Shi kuwa wanda aka bari haka nan, shi ne mai sunan kakansa manomi. Ban ɗauka wannan dace ba ne.

Zango uku aka yi ana gina yaron nan a hankali, kuma a nan shirin ya fi kowane irinsa da aka nuna mini. Ya bar ƙungiyar ƙwallonsa da budurwarsa a birnin Metropolis ya koma ƙauye saboda lalurar ɗan'uwansa. Uban yakan ɗauki Jordan su tashi zuwa fadar ƙanƙara, maɓoyar Superman, inda hoton Jor-El, mahaifin Clark na jini, yake magana kamar mai rai yana auna jikan nasa, Jonathan kuwa yana gida yana jiran a dawo a ba shi labari. (Wannan ma wata al'ada ce tasu da ke ba ni dariya: uba ba ya mutuwa ya huta, sai an ajiye muryarsa a na'ura ya ci gaba da ba da umarni. Da muna da irinta da rabin ƙararrakinmu ba su zo kotu ba.) A zango na 2 ya shaƙi wani sinadari mai ba da ƙarfi na ɗan lokaci don ya yi fice a fili, aka kama shi da shi, ya ƙi tona wadda ta ba shi, aka kore shi daga makaranta. A zango na 3 ya je ya fara koyon aikin kashe gobara a ƙarƙashin Kyle Cushing, yana wanke mota yana naɗe mesa, yana neman hanyar ceton mutane da jikin da wuta za ta iya ƙonawa. Duk mai 'ya'ya fiye da ɗaya ya san yaron nan. Shi ne wanda ba a damuwa da shi don ba ya kawo matsala, sai ranar da ya kawo.

Kuma shirin da kansa ya yi ta kafa hujja cewa jini ba ya wadatarwa. Babban abokin gaba a zango na 1, attajiri Morgan Edge, ashe Tal-Rho ne, ɗan'uwan Clark li'ummi, uwarsu ɗaya Lara, uba kowa da nasa. Ƙarfinsu ɗaya. Bambancin kawai, ɗaya ya faɗo hannun manoma masu tausayi, ɗaya ya faɗo hannun waɗanda suka farauce shi suka kulle, muryar ubansa kuma ta rene shi da azaba. A zango na 2 aka kai mu wata duniya da komai yake a juye, inda Jonathan na can ne mai baiwar, kuma ta lalata shi. A zango na 3 Lois ta kamu da sankarar mama, mijin da ke jin kukan mutum daga wata nahiya ya zauna a kujerar asibiti ba abin da zai iya sai riƙe mata hannu. Duk wannan ana gaya mana abu ɗaya ne, mu kuma muka yarda.

Sai zango na 4 ya zo. Dodon da Lex Luthor, babban maƙiyin Superman, ya ƙera, wato Doomsday, ya kashe Superman ya cire masa zuciya. Cikin baƙin cikin wannan, a kashi na 3, baiwa ta sauko wa Jonathan gaba ɗaya, tashi da ƙarfi da sauri, abin da Jordan ya shekara yana koyo da faɗuwa da tashi shi ya same shi kusan a yini guda. Na ajiye wayar na ce to, an koma gidan jiya: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan ita ce tsohuwar dokar labaran jarumai, cewa ɗan gidan sarauta ko an kai shi daji jininsa zai nuna, kuma marubutan da suka yi zango uku suna ja da ita suka miƙa wuya a ƙarshe. Wankin motar kashe gobara, korar makaranta, zaman jiran a dawo daga fadar ƙanƙara, duk sun tashi daga rayuwar mutum sun zama zaman jiran rabo. Yaron da ke kallo a gida wanda shi ne Jonathan na gidansu, wanda wansa ne mai ƙwaƙwalwar ko ƙaninsa ne ɗan lelen, me aka ce masa? Ka yi haƙuri naka na tafe. To idan bai zo ba fa? A kotu ba ya zuwa. Wanda aka ce ba shi da kaso ba shi da shi, kuma yadda zai tashi gobe ya gai da waɗanda suka samu, wannan shi ne labarin da ba a cika ba mu ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne a cikin wannan kashin dai suka yi abin da ya fi komai kyau a shirin. Janar Sam Lane, mahaifin Lois, sojan da ya taɓa tanadar makaman kashe surukin nasa saboda ko-ta-kwana, shi ya ba da ransa aka dasa wa Clark zuciyarsa. Superman ya tashi da zuciyar dattijo ɗan Adam, ƙarfinsa ya fara raguwa, furfura ta fito, ya san yanzu kwanakinsa ƙidayayyu ne, har kashin ƙarshe ya gaya mana ya ƙara shekara 32 ya mutu kamar kowa. Ka duba lissafin mutumin nan: sunansa da gonarsa daga waɗanda ba su haife shi ba, zuciya daga surukin da babu gado tsakaninsu ko a wace doka. Marubutan da suka iya tunanin wannan ba su da uzurin cewa ba su san yadda za su rufe labarin yaro marar baiwa ba. Uban yana saukowa zuwa ga zama mutum, ga ɗa a gida wanda ya shekara 16 ko fiye yana wannan aikin, wanda zai iya koya masa yadda ake jin ciwon baya da yadda ake tsoron tsani. Wannan zaman na uba da ɗa shi na yi ta jira, ba a ba ni ba, don a lokacin an riga an ɗaga ɗan sama.

Autana bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce a mujallun zane, inda Jon Kent, wato Jonathan ɗin nan, ya fara fitowa a 2015, ɗa ɗaya ne tilo kuma yana da baiwar, har ya ɗauki sunan Superman daga baya. Jordan ƙirƙirar masu shirin talabijin ne. Don haka masoya sun daɗe suna ƙorafin an ƙwace wa Jonathan haƙƙinsa an ba wani. Ya ƙara da cewa an rage wa zangon ƙarshe kuɗi, an mai da shi kashi 10 maimakon 15 na farko, an rage 'yan wasa da dama, dole a yi sauri a sallami kowa. Na ji. Amma ƙarancin kuɗi hujja ce a wajena ba a wajensa ba, domin yaro yana naɗe mesa ya fi yaro yana tashi sama arha. Batun masoya kuwa, mai kallo kullum yana so a raba daidai kowa ya tafi gida da murna, ni ma da ina da iko da haka zan so a kowace ƙara. Aikin marubuci ne ya san lokacin da zai hana.

Na rubuto ne musamman don na ga masu shirya mana wasanni masu dogon zango a nan gida su ma gado ne abincinsu: baffa ya danne dukiyar marayu, ɗan da aka ɓoye ya bayyana ana tsakiyar rabo, talakan da aka raina ashe ɗan attajiri ne. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da aka yi wa Jonathan, an ɗaukaka shi ta hanyar gano cewa dama can shi ma ɗan gata ne. Ina so wani cikinsu ya gwada rubuta mana wanda aka raina kuma bincike ya tabbatar ba ɗan kowa ba ne, a bi shi har kashin ƙarshe a haka. Idan suna neman yadda irin waɗannan mutane suke magana da yadda suke zama a benci, zauren kotu a buɗe yake ranar aiki, ba a biyan kuɗin shiga.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Zariya.