Rahoton Sakatare kan Ayyukan Ƙungiyar Ci Gaban Unguwa na Bana

Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Kamar yadda babban taro ya yanke bara, kusan duk ƙarfinmu bana a kan banɗaki ya ƙare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babu wanda ya manta daminar 2021, lokacin da amai da gudawa ta ratsa ƙasar nan, Jihar Bauchi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kwalara ba iska ce ke kawo ta ba, bayan gida ne ke komawa cikin ruwan sha da abinci. Mu kuwa rijiyoyinmu a buɗe, lambatu cike da ledojin da ake ƙullewa a jefar da dare.

Mun fara da makarantar allo ta bayan masallaci, inda kangon da ke gefenta ya daɗe da zama wurin zagayawar almajirai. An haƙa masai, an ɗaure ramin da bulo, an ajiye tanki da butoci. Malam ya ɗora gardawa kan wanki, kowa da ranarsa. Yanzu mutum na iya bi ta lungun nan da azahar bai toshe hanci ba.

Aikin da ya fi faranta mana rai shi ne na 'yan mata a firamare. A nan sai mun yaba wa shugabar mata, wadda ta kafe cewa sai an raba ɓangarensu da katanga, an juya ƙofar daga kallon filin wasa, an kuma sa sakata ta ciki. Wasu daga cikinmu, har da ni, mun yi ƙorafin ƙarin kuɗi. Ita ce da gaskiya. Malamar aji shida ta shaida mana cewa a da 'yan mata kan tafi gida idan an fita tara, da yawa ba sa dawowa, waɗanda suka fara al'ada kuma sai su yi kwanaki ba a gan su ba. Yanzu sai an tashi suke tafiya.

Sai inda muka faɗi. Banɗakin bakin kasuwa bai kai ƙarshen damina ba. Maginin da muka ba aikin bai ɗaure ramin har ƙasa ba, ruwan Agusta ya zo, gefe guda ya rufta. Laifin ba nasa kaɗai ba ne: kwamitin sa ido bai leƙa ramin ba kafin a rufe. Tun kafin ya rufta ma mutane sun fara gudunsa, domin ba mu tanadi ruwa ba, ba mu sa mai kula ba. Kowa na shiga, babu mai wankewa. Yanzu a garƙame yake.

Ziyarar da muka kai Dass, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin farko a jihar nan da aka tabbatar sun daina bahaya a fili, ta sauya mana tunani. Abin da muka gani masai ne na gida, mai murfi, ga toka ko sabulu a bakin ƙofa. Jigawa ma a 2022 aka ayyana ta a matsayin jiha ta farko da ta kai wannan matsayi. Da muka dawo, mata suka ɗauki shiga gida-gida, tunda mu maza sai dai mu tsaya a zaure. Suna duba murfi, suna hana zubar da kashin yara a kwata, suna tunatar da cewa sabon masai ya nisanci rijiya da kamar mita 30.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla bayan wannan. Ni dai zan ce masu bashin kuɗin wata sun san kansu.

Abin da kwamiti ke nema a yau shi ne taro ya yanke hukunci kan banɗakin kasuwa: a gyara shi a damƙa wa mutum guda ya riƙa karɓar ɗan abin wanki da ruwa, ko a cike ramin. Idan gyara aka zaɓa, muna so a buɗe shi ranar 19 ga Nuwamba, Ranar Banɗaki ta Duniya.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa, Bauchi.